Yadda Za Ka Wadata Wincin Motarka da Wuta Kafin Ka Shiga Fadama

Wata shekara cikin watan Agusta na kafe a wata hanyar fadama tsakanin Wurno da Goronyo, ina ɗauke da buhunan taki a bayan Hilux. Ruwa ya kwana yana zuba, laka ta haɗiye tayoyin baya har cikin motar ya zauna a ƙasa. Hankalina bai tashi ba, domin akwai sabon winci, injin nan mai naɗe igiya ya ja mota, a bambar gaba. Muka kai igiya gindin wani gawo da ya zubar da ganyensa kamar yadda ya saba da damina, na danna. Motar ta matsa kamar taku biyu, sai ƙarar wincin ta fara sauka, akwatinsa ya shiga ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gabana suka dushe, warin roba mai ƙonewa ya taso. Na kashe inji don in duba, daga nan kuwa mota ta ƙi tashi. Manoman wurin ne suka taru da shanun noma suka fid da mu, Allah Ya saka musu da alheri.

Da muka dawo Sakkwato na kai motar wurin mai wayarin da nake hulɗa da shi, niyyata a cire wincin a mayar wa mai shi. Bai ko taɓa wincin ba. Wuƙa ya ɗauka ya fere bakin kebur ɗin, ya kankare silin wayar guda, ya miƙo mini. Waje ja, ciki fari fat. Ya ce, "Alhaji, wincinka lafiyarsa lau. Yunwa yake ji." Tun daga ranar na zauna na koyi wannan lissafi, kuma shi nake son in shimfiɗa a nan daki-daki.

Fara da sanin abin da winci ke ci

Duba takardar da ta zo da wincinka, akwai jadawalin wutar da yake sha a kowane nauyi. Winci mai bolt 12, wato abin da ake rubutawa 12V, wanda ke jan fam 9,500 ko 12,000 (kimanin kilo 4,300 da kilo 5,400 ke nan), yakan sha amfiya 60 zuwa 80 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya) in yana naɗe igiya ba kaya. In kuwa ya ɗauki iyakar nauyinsa, yana kaiwa amfiya 400, wani ma ya doshi 500. Altanetar yawancin motocin da muke shiga daji da su, irin Hilux da Land Cruiser, abin da take bayarwa bai wuce amfiya 80 zuwa 130 ba, shi ma sai an ba inji wuta, kuma cikin wannan akwai rabon fitilu da fanka da sauran kayan motar.

To ka ga ke nan ba altaneta ce ke jan motarka daga laka ba. Batir ne. Ita altaneta kamar mai ɗebo ruwa da guga take tana zubawa a randa, shi kuma winci ya fasa gindin randar yana kwasa. A ce winci yana shan amfiya 300, altaneta tana taimakawa da 70, sauran 230 daga batir suke fita. Ja na minti biyar a haka ya kwashe kusan 19Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa), kuma batirin da aka rubuta wa 75Ah ba ya iya ba da 75 ɗin nan cif in ana zuƙarsa da wannan ƙarfi, domin an auna shi ne da ja a hankali na tsawon awa 20. Duk sauran matakan da ke tafe a kan wannan lissafin suka tsaya.

Kafin ka sayi komai, tabbatar motarka mai bolt 12 ce ko mai 24. Ganin batir biyu a ƙarƙashin bonet ba ya nuna komai, sai ka sa mitar auna wuta. In 24 ce, sayi winci mai 24, ka ma yi sa'a, domin rabin amfiyar da na ambata yake sha a aiki iri ɗaya. Kada ka yarda wani ya jawo maka bolt 12 daga batir guda cikin biyun da aka jera suka ba da 24. Wanda aka jawo daga jikinsa zai riƙa kwana da yunwa, ɗayan yana ƙoshi fiye da kima, ba da jimawa ba ka rasa su duka.

Batir

Mutanenmu sun saba tambayar "mai nawa ne", 62 ko 75 ko 100. Wannan adadin yawan abin da ke cikin randa ne. Akwai wani adadi a jikin batir da aka rubuta CCA, shi ne ke nuna yawan wutar da batirin zai iya turowa lokaci guda, kuma shi winci ya fi damuwa da shi. Masu ƙera winci sukan ce kada ya gaza 650. Ni shawarata ka ɗauki mafi girman batirin da zai zauna a mazauninsa ya ɗauru da kyau, ka duba ranar da aka ƙera shi, domin batirin da ya shekara a kan kanta ba caji ya riga ya fara mutuwa tun kafin ka biya kuɗinsa.

Zafin garinmu ma abin lissafi ne. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a Sakkwato yana haura 40, ƙarƙashin bonet kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, yana cin farantan da ke ciki. Batirin da ya sha bazara biyu zai iya tayar maka da mota kullum da safe ba gardama, saboda kik daƙiƙa biyu ko uku yake nema, amma ka ɗora masa winci na minti ɗaya ya durƙushe. Damina kuwa a bayan bazara take zuwa, wato lokacin da ka fi bukatar batirin shi ne lokacin da ya gama shan wuya. Don haka cikin watan Mayu ko farkon Yuni ka auna shi. Bar motar ta kwana, da safe kafin ka tayar ka sa mita a kawunansa. In ka ga 12.6 ko sama, a cike yake. In 12.2 ne, rabi ya tafi. Kai shi wurin masu caji su ɗora masa na'urar gwajin kaya, don mita kaɗai ba ta tona asirin batirin da ya gaji. In mai murfi ne, duba ruwansa, ka ƙara tataccen ruwa kawai, ba na rijiya ko na leda ba.

Yanzu da sola ta cika gari, na ga masu ɗauko batirin gida mai 200Ah su ɗora a bayan mota don winci. Ban goyi bayan haka ba. An yi shi ne ya ba da wuta kaɗan-kaɗan dare guda yana zaune a ɗaki, ba a yi shi don girgizar hanyar Tangaza ko Gudu ba. Batirin litiyam na sola shi ma yana da na'urar tsaro a ciki da ke yanke wuta in ja ya wuce iyakarta, galibi amfiya 100 zuwa 200, sai ya ɗauke maka a daidai lokacin da motar ta fara fitowa.

Kebur, inda aka fi cutar mutane

A nan zan daɗe, domin a nan aka cuce ni. Kowace waya tana cin wani abu daga wutar da ke bi ta cikinta, ta mayar da shi zafi. In wutar kaɗan ce ba ka lura. In ta kai amfiya 400, lissafin ya canza. Ga misali da kebur na jan ƙarfe zalla. Daga batir zuwa bambar gaba a ce mita 2 ne zuwa, mita 2 dawowa, mita 4 ke nan. Kebur mai kauri 35mm² zai zubar da kimanin bolt 0.8 a hanya. Mai 16mm², irin wanda ake yawan sayarwa a ce "ai zai yi", zai zubar da kusan bolt 1.75, wanda ya zama zafin wat 700 a cikin robar da ke kwance kusa da injinka. Batirin da ke ƙarƙashin kaya dama ya sauko wajen 11, ka cire wannan, abin da ya isa ga wincin bai kai 10 ba. In bolt ya ragu winci yana rage gudu, ya daɗe yana fama a kan nauyi ɗaya, ya ɗau zafi, akwatin da ke kunna shi ya shiga sakewa yana kamawa, wannan ƙas-ƙas ɗin da na ji a fadama, har bakinsa ya ƙone.

Saboda haka ga winci a gaba, kada ka sauka ƙasa da 35mm², in ka sami 50 ya fi. In a bayan mota za ka kafa shi, tafiyar ta zama kamar mita 6 zuwa, 6 dawowa. A wannan nisa mai 35 zai cinye bolt 2.4, don haka sai mai 70, wanda zai tsaya wajen 1.2. Kebur ɗin injin walda na gaske yana yin wannan aiki sosai, yana da taushi, yana lanƙwasuwa, robarsa tana jure zafi.

Sai maganar jabu. Akwai kebur na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a waje, a ido ba ka raba su. Alminiyam kashi 60 cikin 100 kawai yake ɗauka na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka, ga shi yana saurin ruɓewa a bakin haɗi in ya sha ruwa. Tun a shago ka gwada. Kankare sili ɗaya da wuƙa, in ciki ya nuna fari, ajiye. Ɗaga naɗin a hannu, na gaske yana da nauyi, jabu sakayau yake. Kara wa silin wutar ashana, na alminiyam zai lanƙwashe ya zube, na jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya. Kuma ka dubi bakin da aka yanke, don wani kebur ɗin duk kaurinsa roba ce, wayar ciki ba ta fi tsinken tsire ba.

Yanzu ɗaurawa. Cire agogo da zobe, kashe mota, kwance baƙin kan batir (−) tukuna kafin jan (+). In sifana ta haɗa jan kai da jikin mota alhali baƙin yana ɗaure, tana iya narkewa a hannunka. Ja kebur biyu, ja da baƙi, masu kauri ɗaya, daga winci har kan batir kai tsaye. Na nanata baƙin, saboda masu wayarin da yawa sukan ɗaure shi a jikin bamba ko shasi su ce duk ƙarfe ɗaya ne. Wutar da ta bi shasi dole ta koma batir ta 'yar wayar da kamfani ya sa, wadda ba a yi ta don wannan kaya ba, in ta gaza kuma wutar za ta nemi hanya ta wayoyin da ba ruwansu, ta ƙona su. Haka jan ma kada ya bi ta akwatin fis na mota ko ta bayan altaneta.

Bi da kebur ɗin nesa da salansa da fambel da duk abin da ke juyawa. Inda zai ratsa huda a jikin ƙarfe, sa masa zoben roba, ko ka tsaga guntun tiyo ka sanya shi ciki. Ɗaure shi kowane taƙi biyu, kada ya yi lilo. Hanyoyinmu masu gargada suna sa ƙarfe ya yi ta gugar roba sannu a hankali, ranar da ya kai ga wayar kuwa gobara ce, tun da batirin ne gaba ɗaya zai juye a wurin.

Bakin haɗi da makunni

Kebur mai kyau da haɗi mara kyau asarar kuɗi ne. Haɗi guda da ya ɗan saki ko ya yi tsatsa zai iya zubar da bolt 0.4 a amfiya 400, zafin wat 160 ke nan a wuri da bai fi kan yatsa ba, ya fi na tsohon ƙwan lantarki mai wat 100. Sa kawunan jan ƙarfe daidai da kaurin kebur ɗin, a matse su da abin matsewa na gaske. Dukan guduma a kan dutse yana barin rami a ciki. Dalma kaɗai ma ba ta isa ba, tana sa wayar ta sandare ta karye a inda ake girgiza, in haɗin ya yi zafi kuma ta narke. Bayan an matse, a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta. Goge kan batir har ya yi ƙyalli, ɗaure noti tamau, sannan ka shafa giris a waje. Farin gishirin da ke taruwa a kan batir, ruwan ɗumi da 'yar kanwa yana wanke shi, ka dai kula kada ya shiga cikin batirin.

Kusa da batir, a kan jan kebur, sa babban makunni mai yanke wuta wanda aka rubuta zai ɗauki amfiya 400 zuwa 500, ka bar shi a kashe sai ranar aiki. Amfaninsa biyu. Kebur ɗin da ya miƙa har bamba ba ya ɗauke da wuta kullum, ko da an yi karo. Kuma in akwatin kunnawa ya manne, winci ya ƙi tsayawa bayan ka saki maɓalli, abin da kan faru, kana da inda za ka kashe shi. In kana son ƙara fis, sai mai girman da ya dace da jadawalin wincinka, ka riƙe na canji a mota. Shi kuwa akwatin kunnawar, in da hali a ɗaga shi sama cikin bonet, nesa da ruwan da za ka ratsa da ƙurar hunturu.

Altaneta da batir na biyu

Tayar da mota ka auna kan batir. Ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. Kunna manyan fitilu da fanka, ka ɗan taka totur, in ya faɗi ƙasa da 13.5 ya zauna a can, a duba altanetar da fambel. Fambel mai santsi ko saki yana kuka in winci ya ɗau kaya, kuma a lokacin altaneta ba ta ba da abin da ya kamata. Wasu sabbin motoci kwamfutarsu ce ke ɗaga caji tana saukewa, don haka lambar takan yi yawo, wannan ba lalacewa ba ce. Sa babbar altaneta yana da amfani wajen saurin mayar da abin da aka kwasa, in dai an ƙara kaurin wayar da ta taso daga gare ta da wadda ta haɗa inji da batir. Amma ko ta amfiya 150 ba za ta ciyar da winci ita kaɗai ba, shi ya sa na bar ta a baya.

Wanda yake shiga fadamar Rima sau biyu ko uku a damina, batir ɗaya lafiyayye ya ishe shi. Wanda kuwa aikinsa ke nan, kwasar shinkafa da albasa daga gonaki ko kai kaya ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba, ya sa na biyu. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa su ja da ja, baƙi da baƙi, da kebur mai kaurin na wincin, su kasance iri ɗaya, girma ɗaya, an saye su rana ɗaya. Aibinta shi ne in sun ƙare tare suke ƙarewa. Hanyar da na fi so ita ce a sa babban makunni a tsakaninsu: a haɗe suke lokacin tafiya don su yi caji, in ja ya yi tsawo ka raba su, ɗaya ya zauna da cikinsa don tayar da mota. Akwai na'urar da ke yin wannan da kanta, sai dai da yawansu amfiya 140 ne iyakarsu, wutar winci ba za ta bi ta cikinsu lafiya ba. Karanta abin da aka rubuta a jikinta kafin ka biya.

Gwada a gida tukuna

Kada laka ta zama wurin gwajinka na farko. Nemi fili mai ɗan tudu da itace mai ƙarfi, naɗa wa gindinsa maɗauri mai faɗi don kada igiya ta yanke ɓawonsa, ka ja motar tana ɗan riƙe da birki. Mutum ɗaya a sitiyari, ɗaya da mita, ba kowa kusa da igiya. Yayin da winci ke ja, auna kan batir: in ya nutse ƙasa da 10.5 cikin 'yan daƙiƙu, batirin ne. In batir ya tsaya, ɗora tsinken mita ɗaya a jan kan batir, ɗayan a inda jan kebur ya shiga akwatin winci. Abin da ta nuna shi ne abin da ya zube a hanya, in ya haura kamar rabin bolt da yawa, akwai gyara. Yi haka a ɓangaren baƙi. Da ka tsaya, bi kowane haɗi da bayan hannu a hankali. Wanda ya fi 'yan uwansa zafi shi ne mai laifin.

Ranar da ka kafe

Abin da ka yi kafin ka danna maɓalli yana rage wutar da za a sha fiye da duk wani abin da za ka saya. Sauke kaya in da hali. Haƙe gaban tayoyi da shebur, fid da ƙasar da ta tokare cikin motar, shimfiɗa kara ko itace. A rairayi, irin na hanyoyin arewa wajen Gwadabawa da Illela, rage iskar taya. Inda babu itace, sai ka haƙa rami mai zurfi ka binne safaya ka ɗaura a jikinta.

Warware igiyar da yawa. Ƙarfin da aka rubuta a jikin winci na zagayen farko ne, wanda ke manne da ganga. Duk hawan da igiya ta ƙara a kan ɗan uwansa, ƙarfi yana raguwa, wuta tana ƙaruwa. Ka dai bar aƙalla zagaye 5 a kan ganga in ta ƙarfe ce, in ta zare ce ka bar fiye da haka. Sannan ka mallaki fuli, wato ɗan wilin ƙarfe mai juyawa da igiya ke bi ta kansa. In ka kai igiya ga itace ta ratsa fuli ta dawo ta kama motarka, nauyin da ke kan winci ya rabu kusan biyu, wutar da yake sha ta sauka sosai, gudu ne kawai zai ragu. Kuɗinsa bai kai na batir ba.

Bar inji a kunne, direba ya riƙe totur, juyin inji ya tsaya wajen 1,500 zuwa 2,000 a minti, a kashe na'urar sanyaya mota da rediyo da fitilun da ba a bukata. Jefa bargo ko buhu a tsakiyar igiya, kowa ya ja da baya fiye da tsawonta, yara musamman, don sukan taru. Ja na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, ka saki, ka ba shi minti biyu ko uku batir ya farfaɗo. Taɓa jikin wincin, in hannunka ba ya iya zama a kai, jira ya huce. Da ka ji ƙararsa ta sauka ganga ta tsaya, saki maɓalli nan take, domin a tsayen nan ne yake shan wuta mafi yawa, kuma duk zafi take zama.

Bayan ka fito kada ka kashe inji. Abin da ja na minti biyar ya kwasa yana bukatar tafiyar rabin awa ko fiye kafin ya koma. Kashe babban makunnin winci, in ka isa gida ka wanke lakar da ta shiga kawunan kebur, ka sake shafa giris. Washegari da safe, kafin ka tayar, sa mita. In ba ka ga 12.6 ba, kai batirin a yi masa caji a hankali har ya cika a ranar, don batirin da aka bari rabi-rabi cikin zafin nan farantansa suna daskarewa, ba ya sake ɗaukar caji kamar da.